Gaskiya iri-iri: yadda ake gane wacce ake gardama a kanta

Ana cewa gaskiya ɗaya ce. Idan ana nufin magana guda ba ta zama gaskiya kuma ƙarya a lokaci guda, haka ne. Amma malaman manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin tunani) da masana falsafa sun daɗe da lura cewa ba hanya ɗaya ake bi a tabbatar da kowace magana ba. Duba waɗannan huɗun: ɗaya rabin biyu ne, wuta tana ƙona auduga, ambaliyar Gulbi ta ci tsohon garin Maradi a 1945, a lissafin kuɗin sefa jika dala ɗari biyu ce. Dukansu gaskiya ne, sai dai abin da ya tsayar da kowace daban yake.

Gwajin farko shi ne ka kore maganar ka ji abin da zai fito. In ka ce ɗaya ba rabin biyu ba ne, maganar ta ci karo da kanta, hankali ba ya iya suranta ta. Wannan ita ce gaskiyar hankali, ba a zuwa ko'ina neman shaidarta. Duk wanda ya zauna karatun tauhidi a zaure ya san Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi (abin da dole ya kasance), mustahili (abin da ba ya yiwuwa) da ja'izi (abin da yana iya kasancewa ko kada ya kasance). A Turai, masanin falsafa Leibniz na Jamus ya yi makamancin rabon a 1714, inda ya ce kishiyar gaskiyar hankali ba ta yiwuwa, kishiyar gaskiyar abin da ya auku kuwa tana yiwuwa. Irin wannan gaskiya ba ta motsi, amma ba ta kawo labari. Ba za ta gaya maka farashin hatsi a kasuwa yau ba.

In ka kore maganar ba ta ci karo da kanta ba, sai ka tambaya: sau ɗaya abin ya faru ko maimaituwa yake? Ambaliyar 1945 sau ɗaya ta faru, kuma da ba ta faru ba, hankali ba zai ga wata matsala ba. Ta hanyar labari muka same ta, shi ya sa aikin a nan na bin masu ba da labarin ne: su nawa ne, sun gani ko ji suka yi, kuma shin ba daga baki ɗaya duk suka kwaso ba? Saƙon da mutum dubu suka tura a WhatsApp shaida ɗaya ne in asalinsa mutum ɗaya.

Mai maimaituwar ita ta fi yaudara. Malamai suna kiranta hukuncin al'ada: an ga abu biyu suna zuwa tare sau da yawa, sai aka ɗaure su. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga, ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta zo lokacin da suka haɗu, bai ga tilascin da ya haɗa su ba. David Hume na Sikotland ya iso kusa da nan a 1748, ko da yake ba tauhidi ya kai shi ba. Amfanin wannan ga manomi a fili yake. "Takin zamani yana ƙara amfanin gona" gaskiya ce ta al'ada, tana tafe da sharuɗɗan da ba a faɗa: ƙasa da danshi, taki daidai kima, ba a manne shi da iri ba. A zuba shi ruwa ya ɗauke mako biyu, sai ya ƙone shukar. Wanda ya ɗauki maganar kamar lissafi zai ce an yi masa ƙarya, alhali sharaɗi ne ya faɗi. Kimiyya kusan duk a wannan gida take, shi ya sa take gyara kanta, kuma wannan ba aibi ba ne.

Ta huɗu yarjejeniya ce. Jika dala ɗari biyu ce domin mutane sun tsaya a kan haka, kuma masu iko suna iya sauya irinta da sa hannu. Kafin Janairun 1994 faran Faransa ɗaya sefa 50 ne, aka wayi gari ya koma 100. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kowace a ranarta. Tiya ma haka take: in ba a daidaita kan kwanon awo ba, mai saye da mai sayarwa za su yi ta rantsuwa ba wanda ya yi ƙarya.

Akwai kuma rabon da alƙalai suka fi kowa sani, tsakanin gaskiyar mutum da gaskiyar magana. Mai shaida yana iya faɗin abin da ke zuciyarsa tsakaninsa da Allah, amma da magariba ya hango abin, kuma daga nesa. Ba maƙaryaci ba ne, maganarsa dai ba ta dace da abin da ya faru ba. Shi ya sa bayan an tabbatar da adalcinsa ake ƙara tambayarsa inda ya tsaya, da wane lokaci, da kuma abin da ke tsakaninsa da wurin.