Oga Zai Iya Hana Ka Neman Na Kanka Bayan An Tashi Aiki?

Amsar dai ta danganta da wanda kake yi wa aikin, gwamnati ko kamfani, don dokar da ta hau kan malamin makarantar gwamnati daban take da wadda ta hau kan ma'aikacin banki.

In ma'aikacin gwamnati ne kai, maganar tana cikin kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, jadawali na biyar, wajen ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, sakin layi na 2(b). Ya ce muddin aikinka na cikakken lokaci ne to ba ka da damar gudanar da wani kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, abu ɗaya kawai aka ware, noma. Kuma kar ka ɗauka minista da gwamna kaɗai ake nufi, lissafin ya haɗa ma'aikatan tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi, 'yan sanda, sojoji, har ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati. Kenan a takarda wannan malamin da yake zama a shagon POS ɗinsa bayan la'asar ya taka doka, amma da gonar masara yake zuwa ba mai ce masa kanzil. Saka hannun jari kuma bai haramta ba, kotun ƙoli ta fayyace a 1995 cewa abin da aka hana shi ne ka zama kai ke juya harkar. Shi ya sa za ka ga shago da sunan uwargida ko ƙane.

Hukuncin ba na wasa ba ne fa, kotun ɗa'ar ma'aikata tana iya raba mutum da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar cin amanar ofis. To amma tsakani da Allah, mutumin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne tun 2024 ga iyali ga haya ga kuɗin makaranta ka ce masa sai noma, a tsakiyar Kano ko Abuja ina gonar? Kowa na yi kowa ya kau da kai, sai ranar da kuka ɓata da wani babba a ofis a tuno da ita, nan ne ni dokar take ba ni tsoro.

A kamfani kuwa babu wata doka ta gaba ɗaya da ta hana, takardar da ka sa wa hannu ranar ɗaukar aiki ita ce alƙali, kuma yawancinmu murna ba ta bari mu karanta. In an rubuta ba za ka yi wa abokin gasarsu aiki ba ko sai ka nemi izini, ya hau kanka. Sharaɗin da zai bi ka har bayan ka ajiye aiki kuma dokar gasar kasuwanci ta 2018 ta tsayar da shi kan shekara 2, in rigima ta taso kotun ma'aikata ta ƙasa ake zuwa ta duba ko sharaɗin ya wuce gona da iri.

Masu ƙirƙiro sabbin na'urori da dabaru ku kiyaye, ƙirƙirar da aka yi a cikin aikin da aka ɗauke ka dominsa ta mai kamfani ce a dokar mallakar ƙirƙira ta 1970, don haka naka na gefe kar ya taɓa kwamfutar ofis ko lokacin ofis.