Waiwaye: Rugujewar bankunan Aislan da shekarar da ake tsallakewa

Tun watan Maris na 2023, lokacin da aka rufe bankin Silicon Valley a Amurka, bayan kwana tara kuma aka haɗe manyan bankunan Suwizalan biyu, Credit Suisse da UBS, cikin gaggawa, tsohuwar muhawarar nan ta sake tasowa: idan babban banki ya durƙushe, wa zai biya? A Suwizalan har yanzu ana kai ruwa rana a kan ko ƙasar za ta iya ɗaukar nauyin banki guda wanda kadarorinsa suka kusa ninka arzikin da take samarwa a shekara sau biyu. Duk inda aka taso da zancen kuwa, sai wani ya jefo sunan Aislan, ya ce ai ga wata ƙaramar ƙasa can da ta ƙi ceto bankunanta a 2008, ta bar su suka faɗi, kuma ta farfaɗo. Akwai gaskiya a ciki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin kamar a mako guda na Oktoba komai ya faru, wai guguwa ce ta taso daga New York ta afka wa mutanen da ke zaman zamansu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Aislan tsibiri ne a arewacin tekun Atlantika, mutanenta a lokacin wajen 320,000 ne, kifi da alminiyom su ne manyan abubuwan da take sayarwa waje. Ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tun 1994 ta shiga yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya, wadda ta ba bankunanta damar aiki a sauran ƙasashen da lasisin gida. Zuwa 2003 an gama sayar da bankunan gwamnati. Lokacin bashi ne mai araha a duniya, don haka manyan bankuna uku, Kaupthing da Landsbanki da Glitnir, suka riƙa ranto kuɗi a kasuwannin Turai suna ba da rance gida da waje, har kadarorinsu suka kai wajen ninki goma na arzikin ƙasar na shekara. A can ɗaya gefen, bashin gidaje na Amurka ya fara ruɓewa a 2007, aka ga layin masu cire kuɗi a ƙofar bankin Northern Rock a Ingila a watan Satumba, sannan bankin Lehman Brothers na Amurka ya faɗi ranar 15 ga Satumba 2008, bankuna suka daina ba juna rance.

Shekarar da ake tsallakewa ita ce 2006, kuma a ganina a nan ne aka ƙulla abin da ya zama rikici tsakanin ƙasashe.

A watan Fabrairu na wannan shekara, kamfanin Fitch mai auna ƙarfin biyan bashi ya sauya hasashensa game da Aislan zuwa mara kyau. Kuɗin ƙasar, krona, ya zube cikin 'yan kwanaki. A watan Maris masu nazari na Danske Bank suka fitar da rahoto mai zafi, har aka laƙaba wa wannan ɗan rikici sunan maɓuɓɓugan ruwan zafin da aka san tsibirin da su. Ƙorafin masu nazari guda ne. Banki yana samun kuɗin da yake juyawa ta hanya biyu: ko ajiyar jama'a, ko rance daga manyan masu kuɗi ta hanyar sayar da takardun bashi. Bankunan Aislan sun jingina ƙwarai da hanya ta biyu, alhali mai ba da irin wannan rance da ya ji ƙaurin hayaƙi ba ya sabunta shi. Shawarar da aka ba su ita ce wadda kowane malamin tattalin arziki zai bayar: ku nemi ajiyar mutane, ita ce ba ta gudu da wuri.

To amma a ina za a samo ta? Ko da kowane magidanci a tsibirin ya juye duk abin da ya mallaka a banki, ba zai cike gurbin ba. Dole sai waje. A watan Oktoba 2006 Landsbanki ya buɗe asusun ajiya ta intanet a Birtaniya mai suna Icesave, a watan Mayu 2008 kuma aka buɗe shi a Holan. Kuɗin ruwan da yake bayarwa a Birtaniya ya haura kashi 6 cikin ɗari. Kafin a ankara masu ajiya a Birtaniya sun haura 300,000 da kuɗi sama da fam biliyan 4, a Holan kuma wajen mutum 125,000 sun zuba yuro biliyan 1.7 cikin wata biyar. Wato baƙin da suka ba wannan asusu amanar kuɗinsu sun fi 'yan ƙasar Aislan gaba ɗaya yawa.

Akwai wani bambanci a nan da mai ajiya ba ya gani a fuskar kwamfuta, kuma shi ne gundarin maganar. Banki yana iya shiga wata ƙasa a matsayin reshe, yana kuma iya kafa kamfani mai rajistarsa a can. Manomi zai gane shi da sauƙi: reshe komai nisan da ya miƙa, ko ya tsallaka katangar maƙwabci, daga saiwar uwar itace yake sha. Dashe kuwa ya yi tasa saiwar a gonar da aka kai shi. Icesave reshe ne. A dokar Turai ta 1994, inshorar ajiyar da ke reshe tana wuyan ƙasar da uwar bankin take, kuma asusun inshorar Aislan ya yi alkawarin biyan kowane mai ajiya aƙalla yuro 20,887.

Mu ɗauki misalin malamar makaranta da ta yi ritaya a wani gari na Ingila. Ranar Asabar ta buɗe shafin kuɗi na jarida, ta ga jerin asusun da suka fi ba da riba, ta zaɓi na sama. Ta zauna a teburin ɗakin girki, ta cike fom a kwamfuta, ta tura fam 10,000 da ta tara. Da fam ta ajiye, da Turanci aka yi mata bayani, kuma an gaya mata akwai inshora, wanda gaskiya ne. Abin da ba lallai ya zo mata a rai ba shi ne duk kuɗin nan nata yana rataye ne a wani ɗan asusu a Reykjavik, babban birnin Aislan, wanda doka ta buƙaci ya riƙe kashi 1 cikin ɗari kacal na ajiyar da yake karewa. Irin wannan asusu an tsara shi ne don idan banki ɗaya ya faɗi, sauran su tallafa. Babu wanda ya tanadi ranar da manyan bankunan ƙasa za su faɗi tare.

Sai kuma batun kuɗin da aka yi alkawarin da shi. Babban bankin kowace ƙasa yana iya ceto bankunanta ranar tsanani saboda yana iya buga kuɗin ƙasarsa. Na Aislan krona yake bugawa. Bashin da ke kan bankunan kuwa da fam ne da yuro da dala, kuma ajiyar kuɗin waje da ƙasar take da ita ba ta kama ƙafar abin da ake bin su ba.

Buɗe reshe irin wannan bai saɓa wa wata doka ba, tsarin ne ya ba da hanya. An buɗe iyakoki kuɗi ya wuce, amma aka bar inshora da aikin ceto kowace ƙasa ta ji da nata, babbarta da ƙaramarta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a takarda maganin ya yi aiki. Alƙaluman ajiya sun gyaru, tsoron 2006 ya kwanta, bankunan suka ci gaba da girma wasu shekaru biyu. An gudu gara an faɗa gidan zago: bashin da a da manyan masu zuba jari ke bi, waɗanda sun san kasada kuma suna iya haɗiye asara, wani kaso nasa ya koma bashin 'yan fansho da ma'aikata a wasu ƙasashe, mutanen da suke da ƙuri'a da gwamnatocin da ba za su iya kawar da kai ba.

Hujjar wannan tana cikin abin da ya faru daga baya. Shi Landsbanki ɗin yana da wani banki a Birtaniya mai suna Heritable, wanda dashe ne mai rajistar can. Ajiyar intanet ta Kaupthing a Birtaniya ita ma a ƙarƙashin kamfani mai rajistar can take. Da abin ya rushe, hukumomin Birtaniya suka mayar da waɗannan ajiyoyi zuwa bankin ING Direct, magana ta mutu a gida. Reshen ne kaɗai ya haɗa ƙasashe faɗa.

Makon kansa ya zo da sauri. Ranar 6 ga Oktoba 2008 majalisa ta zartar da dokar ta-ɓaci, firaminista ya yi wa 'yan ƙasa jawabi ya rufe da roƙon Allah ya albarkaci Aislan. Zuwa ranar 9 ga wata bankunan uku suna hannun hukuma. Aka ware ajiyar cikin gida aka zuba a sababbin bankuna, na waje suka wayi gari shafin Icesave ba ya fitar da kuɗi. Ranar 8 ga wata Birtaniya ta daskarar da kadarorin Landsbanki, ta yi amfani da wani sashe na dokar yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka ta 2001. Wannan ya ƙona wa mutanen Aislan rai, dubbai suka riƙa ɗaukar hoto riƙe da takarda mai cewa su ba 'yan ta'adda ba ne. A Ingila kuwa ƙananan hukumomi sun iske kusan fam biliyan 1 na kuɗin jama'a ya maƙale a bankunan tsibirin.

Masu cewa Aislan ta tsira ba da tabo ba sukan manta da abin da talakanta ya sha. Krona ya rasa kusan rabin darajarsa. Hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin ɗari a Janairun 2009, kuma da yake yawancin bashin gidaje a can yana hawa ne tare da farashi, mutum yana biya kowane wata amma uwar kuɗin tana ƙaruwa. Wanda ya ci bashin mota da kuɗin Japan ko na Suwizalan ya ga bashinsa ya kumbura. Rashin aiki ya tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa wajen kashi 9. A tsakiyar hunturu mutane suka fito dandalin gaban majalisa da tukwane da ludaya suna bugawa, har gwamnati ta sauka a ƙarshen Janairu. Asusun Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 2.1 a Nuwamba 2008, ƙasashen arewacin Turai da Folan suka ƙara, har tsibiran Faro da mutanensu ba su kai 50,000 ba suka ranta wa maƙwabciyarsu kuɗi. Takunkumin fitar da kuɗi waje da aka saka a lokacin sai a Maris 2017 aka ɗage yawancinsa.

Birtaniya da Holan sun biya 'yan ƙasarsu, sannan suka nemi Aislan ta mayar musu da wajen yuro biliyan 4, wanda idan an raba ya haura yuro 12,000 a kan kowane ɗan ƙasa, har jariri. Sau biyu aka kai yarjejeniyar biya gaban jama'a: a Maris 2010 kashi 93 suka ce a'a, a Afrilu 2011 kusan kashi 60. Ranar 28 ga Janairu 2013 kotun EFTA, mai hukunci a kan ƙasashe irin Aislan da ke cikin kasuwar bai ɗaya amma ba sa cikin Tarayyar Turai, ta yanke cewa dokar Turai ba ta wajabta wa gwamnati ta cike giɓin asusun inshora a rikici mai wannan girma ba. Kuɗin dai an biya shi, amma daga kadarorin bankin da ya mutu, saboda dokar ta-ɓaci ta sa masu ajiya a gaban layi. An kammala a Janairu 2016. Masu takardun bashi su suka kwashi asara mafi girma.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. A Najeriya gangar mai da ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta faɗo ƙasa da 40 kafin ƙarshen shekara, kasuwar hannun jari ta zube, a 2009 Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 a wasu bankuna, a 2010 aka kafa AMCON don sayen basussukan da suka lalace. Yau da mutum a Kano yake buɗe asusu a waya cikin minti biyar, tambayar da malamar nan ba ta yi ba ta shafe shi: wane asusun inshora ne ke bayan kuɗinsa? Hukumar inshorar ajiya ta Najeriya, NDIC, tun 2024 tana kare ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, amma sai a cibiyoyin da ke ƙarƙashinta.

Turai ta gyara wasu abubuwa. Zuwa ƙarshen 2010 an ɗaga inshorar ajiya zuwa yuro 100,000, daga Nuwamba 2014 kuma Babban Bankin Turai ya karɓi sa ido a kan manyan bankunan ƙasashen yuro. Amma shawarar kafa asusun inshora guda na bai ɗaya, wadda aka gabatar a Nuwamba 2015, an kwashe shekaru ana ja-in-ja a kanta, domin ƙasashen da bankunansu suke da ƙarfi ba sa son ɗaukar nauyin na wasu. Reshe har yanzu yana iya tsallaka iyaka, kuma inshorarsa tana nan a wuyan ƙasar da uwarsa take.