An sauke baƙon makaɗi a Maraɗi: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Duk lokacin da aka ce an sauke baƙon makaɗi a garin nan, tambayoyin su ne dai na bara, a WhatsApp da bakin hanya. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan za a turo shi.

Wai mene ne zaman makaɗi?

Gidan raya al'adu ko makaranta ce ke gayyato makaɗi ko mawaƙi, ta ba shi masauki da abinci da ɗakin aiki na mako 4 zuwa 6. Shi kuma ya koyar da rana, ya yi wasa gaban jama'a sau 2 ko 3, ya haɗa sabon aiki da makaɗan gari kafin ya koma gida. Masu faransanci rezidans suke ce masa. Shi ke nan.

Tunda yana gari, zan iya ɗaukarsa ya yi mini wasan biki?

A'a, Alhaji. Akwai takarda tsakaninsa da masu masaukinsa, kwanakinsa a ƙirge suke. In wa'adi ya cika ku daidaita, wannan ba ruwan kowa.

Wane irin kiɗa ake koyarwa?

Ya danganta da wanda aka sauke. Wani zuwan mai gurmi ne ko mai goge, wani zuwan mai molo daga ƙasar Zabarma, ko Bafillace mai sarewa, ko mai algaita daga Damagaram, ko ɗan Agadas da jitarsa irin salon da Bombino ya kai duniya. In Abzinawa mata ne, za ku ga tende, wato turmin da aka rufe wa baki da fatar akuya, da imzad, gogensu mai tsirkiya ɗaya wanda mata kaɗai ke gogawa a al'ada. Hukumar UNESCO ta saka imzad cikin kayan gadon duniya a 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Namu na gida kuwa, kalangu da garaya da duma, makaɗan gari ke kawowa, don da su baƙon zai yi aiki.

Kada ka zo ranar farko kana cewa kai jita kaɗai ta kawo ka. Abin da aka ɗora a wuta shi za a ci.

Mu ba gadonmu ba ne, za a karɓe ni?

Za a karɓe ka. Mamman Shata bai gāji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Malam Maman Barka malamin makaranta ne ɗan Tesker, ya bar gurminsa ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya 5, kuma da shi ya zaga duniya har rasuwarsa a 2018. Sai dai akwai iyaka. Tambari da kakaki kayan fada ne. Ba a koyar da su a aji sai da yardar masu su, ko a fadar Maraɗi ko a ta Gobir a Tsibiri, don haka ku daina tambaya.

Halal ne ko haram?

Ka tambayi malaminka. Abin da ke hannun masu shiri shi ne: in an kira salla ana ajiye kaya, ba a shigo da abin maye, ba a zambo.

In an haɗa mai goge ko mai gurmi da masu jita da piyano a dandali guda, me ya sa sautin ke faɗa da juna? Yaya ake gyarawa?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ya danganta da kayan da ke wurin, da yanayin gari, da kunnen mutanen.

Tushen abin shi ne, piyano da jita an raba musu murya gida 12 daidai wa daida, an kuma kafe su kan ma'aunin sauti guda da ake kira 440. Mafi yawan kiɗanmu a kan murya 5 yake tafiya, kuma biyar ɗin ba lalle su faɗa daidai kan maɓallan piyano ba. Goge ba shi da ƙarafan nan da ke wuyan jita. Mai shi gefen yatsu yake taɓa izgar, wato tsirkiyarsa, da su, yana iya tsayawa tsakanin maɓalli da maɓalli, kuma nan daɗin yake. In mai piyano ya danna murya 3 ko 4 a tare, sau da yawa ta tsakiyar ce ke karo da gogen, sai a ji abin kamar an zuba gishiri a kunu.

Matakin farko, a nemo kayan da ba ya juyuwa. Sarewa da algaita ramukansu a huje suke, ba mai matsar da su, saboda haka kowa su zai bi. In babu abin busa, a bi muryar mawaƙi da gogensa. A sa mai goge ya goga tsirkiyarsa ba tare da ya danna ta da yatsa ba, a auna da manhajar saita sauti ta salula, sa'an nan mai piyano ya ɗaga ko ya sauke na'urarsa ta same shi. Kusan kowace piyanon lantarki tana da maɓallin ɗagawa gida-gida da kuma na ɗan gyara ƙarami, amma samari da yawa na farkon kaɗai suka sani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tilasta wa dattijo ya ja izgarsa har ta kai piyano. Ko ta tsinke, ko jakin, wato ɗan abin da ke tokare tsirkiya, ya zame, ko a kai shi inda maƙogwaronsa ba ya kaiwa. Na'ura ce za ta sunkuya wa dattijo.

Na biyu, mai piyano ya rage yatsu. Murya 2 sun isa, tushe da ta biyar ɗinta, ko ma ya bi waƙar da yatsa ɗaya. Mai jitar bas ya tsaya kan tushe. Wannan yana yi wa wasu zafi, don sun sha wahala kafin su iya, amma haka abin yake. Wani lokaci in mai gogen matashi ne da ya saba da ƴan okestra, shi da kansa zai lanƙwasa hannu ya bi su, kuma ya yi kyau. Ban ce kullum ba.

Na uku, fata. Saitin da aka yi da la'asar ba shi za a tarar bayan isha'i ba. Raɓa da sanyin dare na sassauta fatar goge da gurmi da kalangu, murya ta faɗi, ita kuwa piyano tana nan inda aka bar ta. A ajiye garwashi a kasko a bayan dandali, a riƙa kara fatar daga nesa, kamar taƙi 2, ana shafawa da tafin hannu ana ƙwanƙwasawa har ta dawo. In aka kusanta ta da yawa ta tsage, wasa ya ƙare. Tende kuma akasin haka take, ruwa ake yayyafa mata lokaci-lokaci, saboda haka kada wani mai karambani ya kai ta bakin wuta. A sake duba saiti bayan kowace waƙa 2 ko 3. Mai goge ya riƙe ƙaronsa a aljihu, in bakan gogen ya fara santsi sauti shaƙewa yake.

Sai na'urar ƙara sauti. Makirfon goge ko gurmi a ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga ramin ƙwaryar, kuma kada lasifikar da makaɗa ke jin kansu da ita ta fuskance shi, nan ne ƙugin nan mai huda kunne ke tasowa. Mai algaita a ja shi baya, ko ba makirfo ana jin sa har ƙarshen fili. Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, a ɗan nisanta masa nasa. Gangar na'ura kuwa a kashe ta. Kiɗan gargajiya yana ƙara sauri in wuri ya yi zafi, na'ura ba ta san wuri ya yi zafi ba. A bar kalangu ko ƙwarya ta ja ragama.

Abu na ƙarshe, wanda masu haɗa sauti ke mantawa: Hausa da karin murya take tafiya. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne kawai ya raba su. In ka sauya wa mawaƙi karin waƙa don ya dace da jita, kana iya sauya masa magana.

Ko an bi duk wannan, akwai haɗin da ba ya yiwuwa. In an kwana 3 ana gwadawa bai zauna ba, a bar kowa ya yi nasa bi da bi a dandali ɗaya. Ba abin kunya ba ne.

Me zan zo da shi?

Kayan kiɗanka in kana da shi, da ruwan sha. Aji ba ya wuce mutum 10 zuwa 12, awa 2 a rana, don malamin sai ya kama hannun kowa. Da kunne ake koyo, ya kaɗa ka maimaita, ba allo ba littafi. Masu abin tsirkiya ku yanke faratan hannun da ke danna ta. Makon farko yatsu za su yi ƙuna har su yi kanta, kada ku tsorata, kowa haka ya fara. Wanda ya yi fashi sau 3 an ba wani gurbinsa, kuma kada a turo kawu ya zo ba da haƙuri.

Ana ba da difloma?

Takardar shaidar halarta kawai. Mako 6 ba ya mai da mutum makaɗi. Mai son dogon karatu ya nemi cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai.

Ƴata na so, amma hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Da rana ake yi, ƙofa a buɗe, ana tashi kafin magariba, kuma kina iya zuwa ki zauna a baya ki gani da idonki. Ƴar da ba ta kai shekara 18 ba sai da sa hannun uba ko uwa. In baƙuwar mace ce, ajin mata daban ake warewa. Kiɗan ƙwarya da shantu ai a tsakar gida kakanninmu suka yi su.

Zan iya ɗauka da salula in sa a TikTok?

A wasan jama'a, ɗan guntu, to. A aji, a'a. Waƙar da ake gini ba ta nuna ba, in ka watsa ta wani ya ɗauke kafin mai ita ya kai ta ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, ya yi rajista. Kai ka samu masu kallo, shi ya yi asarar aikin wata guda. Ka nemi izini da bakinka, ba wuya.

Nawa ake biya, kuma ana liƙi?

Kuɗin aji da na ƙofa masu shiri ke faɗa a sanarwarsu, ku karanta ta. Liƙi ba a hana ba, amma akwai faranti a gaban dandali. Kada ka hau kana taka wayoyi, ƙafa ɗaya ke cire makirfon mai gurmi a tsakiyar waƙa.

Me ya sa ba a yi lokacin hutun makarantu, sa'ad da muke da sarari?

Don hutun a damina yake faɗawa. A Yuli da Agusta fata ba ta riƙe murya, hadari na tashi ba sallama a watse, wuta na yawan ɗaukewa, rabin makaɗan gari kuma suna gona. Afrilu da Mayu zafi na haura 40, ba mai zama aji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai a kauce wa makon kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, don ranakun nan ko wa ka kawo, mutanen Maraɗi suna gaban talabijin. In azumi ya faɗo ciki, a ɗaga.