Binciken Duniyoyi da Kumbo

Binciken duniyoyi da kumbo shi ne aika na'urori marasa matuƙi zuwa sauran duniyoyin da ke kewaye rana, domin su ɗauko hotuna, su auna zafi da iska, su kuma aiko da bayanan ta hanyar rediyo. Har yau ɗan Adam bai taka ko'ina ba a sararin samaniya in ban da wata, saboda haka abin da aka gani kusa-kusa na waɗannan duniyoyi duk na'ura ce ta gano shi.

Tarayyar Sobiyet ce ta buɗe fagen da harba Sputnik 1, tauraron ɗan Adam na farko, a shekarar 1957. Kumbon Amurka mai suna Mariner 2 ne ya fara isa wata duniya cikin nasara, lokacin da ya gifta ta kusa da Zuhura, wadda aka fi sani da Zara, a watan Disambar 1962. A 1970 Venera 7 na Sobiyet ya sauka a doronta, ya zama na farko da ya aiko da saƙo daga ƙasar wata duniya. Zuhura ba ta raga wa baƙo: zafinta ya kai kimanin digiri 460 a ma'aunin Salshiyos, nauyin iskarta kuma ya ninka na duniyarmu kusan sau 90, shi ya sa Venera 13, wanda ya sauka a 1982, ya yi minti 127 kacal yana aiki, kuma aka ɗauki hakan a matsayin gagarumar nasara.

Nisa ne ke tsara komai a wannan fanni. Kumbo ba ya miƙe hanya sambal zuwa inda aka nufa. Yana bin lanƙwasasshiyar hanya a kewayen rana ne har ya haɗu da duniyar a inda lissafi ya nuna za ta iso, kuma wannan ne dalilin da damar harbawa zuwa duniyar Mars ke zuwa kusan duk bayan wata 26, tafiyar kuma ta ci kimanin wata bakwai. Saƙon rediyo kansa yakan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya iso daga can. Ke nan a ranar sauka babu mai iya sa hannu. Kumbon zai kutsa cikin iskar Mars garkuwarsa na ɗaukar zafi, ya buɗe lema, ya kunna rokokin rage gudu, duk cikin kusan minti bakwai, injiniyoyi kuwa na zaune suna jiran labarin abin da ya riga ya auku. Haka motocin bincike na Amurka suka sauka, Curiosity a 2012, Perseverance kuma a 2021, shekarar da Sin ita ma ta sauke tata mai suna Zhurong.

Tafiyar da ta fi cancantar a jinjina mata ita ce ta Voyager 1 da Voyager 2, waɗanda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba a 1977. A lokacin manyan duniyoyi huɗu na nesa, wato Mushtari (Jupiter), Zuhal (Saturn), Yuranas da Neftun, sun jeru a wani tsari da ba ya maimaituwa sai bayan kimanin shekara 175, sai masana suka ci moriyar ƙarfin jan kowace duniya, ta yadda za ta lanƙwasa hanyar kumbon, ta ƙara masa gudu, ta cilla shi ga ta gaba ba tare da an ƙona mai mai yawa ba. Da wannan dabara Voyager 2 ya ratsa ta Mushtari a 1979, Zuhal a 1981, Yuranas a 1986 da Neftun a 1989, kuma har yanzu babu wani kumbo da ya sake ziyartar biyun ƙarshe. Hasken rana ba ya wadatarwa a can, don haka daga zafin sinadarin fulutoniyam kumbunan biyu suke samun lantarki. A 2012 Voyager 1 ya fice daga yankin da iskar rana, wato ƙananan ƙwayoyin da rana ke fesowa, ke kaiwa, ya shiga sararin da ke tsakanin taurari, inda saƙonsa kan shafe fiye da awa 22 kafin ya iso duniya.