Kallon Birnin Rum Ba Tare da Taɓa Aljihu Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya sauka Rum, babban birnin Italiya, da ɗan guzirin ɗalibi, ko wanda taro ya kai shi ya samu rarar kwana biyu, yakan ɗauka sai mai ƙumbar susa ne ke kallon birnin. Masauki kam akwai tsada, abinci ma haka. Amma kallo, yawancinsa a fili yake, ƙafa da haƙuri ne kuɗinsa.

Da gaske akwai abin kallo kyauta, ko ragowa ce aka bar wa marasa kuɗi?

Ba ragowa ba ce. Colosseum, katafaren filin wasan nan da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, tikiti ake saya a shiga cikinsa, amma kwarjininsa daga waje yake, kuma ba mai hana ka zagaya shi ko sau goma ne. A gefensa ga ƙofar nasara ta Sarki Constantine, ta shekara ta 315. Daga nan ka miƙi titin Via dei Fori Imperiali, kangayen tsohuwar cibiyar mulki suna dama da hagu, har ka iso ginshiƙin Sarki Trajan na shekara ta 113, wanda aka sassaƙa labarin yaƙe-yaƙensa a jikinsa kamar an naɗa masa rawani daga ƙasa zuwa sama. Sai ka hau tudun Campidoglio, ka zaga bayan ginin hukumar birni. Daga can tsohon dandalin Forum gaba ɗaya yana shimfiɗe a gabanka, kuma kana ganinsa fiye da waɗanda suka biya suna tafe cikin rana a ƙasa.

Babbar majami'ar St Peter da ke Vatikan fa?

Shigarta kyauta ce, sai dai layin binciken jami'an tsaro, wanda da hantsi yakan nannaɗe dandalin. Mai sammako ne ke tsira. Ana so kafaɗa da gwiwa su kasance a rufe, mace da namiji. Mai kaftani ko abaya ba ruwansa da wannan, masu gajeren wando ne ake mayarwa. Da shigarka, a hannun dama, akwai sassaƙen Michelangelo da ake kira Pietà, wanda ya gama a 1499 bai kai shekara 25 ba. Hawa ƙubba ne ke da kuɗi. Kada kuma a ruɗe: ɗakin Sistine mai zanen rufi ba a cikin majami'ar ake ganinsa ba, ta gidajen tarihin Vatikan ake shiga, su kuwa da tikiti.

An ce Pantheon da maɓuɓɓugar Trevi kyauta ne. Haka ne?

A da ne. A watan Yulin 2023 aka fara karɓar yuro 5 a ƙofar Pantheon, tsohon haikalin Romawa da aka mayar majami'a. Trevi kuma, wadda aka kammala a 1762, daga watan Fabrairun 2026 baƙon da ke son sauka bakin ruwan yana biyan yuro 2. Tsayawa a dandali a kalla ba a biya. A ganina na Trevi bai cancanci ɓacin rai ba, don daga sama ma an fi ganinta. Pantheon ne in akwai kuɗin tikiti a aljihu ba a yi asara ba: ƙubbar kankare mai faɗin mita 43 da ta kusa shekara 1,900 a tsaye, da huda a tsakiya wadda ruwan sama ke zubowa ta cikinta. Kwabban da ake jefawa a Trevi kuwa ba ɓata suke yi ba, ana kwashe su a miƙa wa ƙungiyar agaji ta Caritas.

Akwai ranar da wuraren biya ke buɗewa kyauta?

Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihin gwamnati kyauta ne, har da Colosseum da Forum da Pantheon. Na Vatikan kuma Lahadin ƙarshe, kuma da rana tsaka ake rufe ƙofar shiga. Kowa ya san wannan, shi ya sa layin yakan cinye rabin yini.

Ina son ganin zanen manyan masu zane, amma kuɗin gidan tarihi ya fi ƙarfina.

Majami'un cikin gari ne amsar, don mafi yawansu ba a biyan komai. A San Luigi dei Francesi, taku kaɗan daga dandalin Navona, akwai zane uku na Caravaggio a lungun ƙarshe na hagu. Lungun duhu gare shi, sai an jefa kwabo a wani ɗan akwati fitila ta kama na 'yan mintoci. Sai ka ga mutum ashirin sun yi cirko-cirko, kowa na satar kallon na kusa da shi, har wani mai zuciya ya laluba aljihu. Fitila na kamawa a yi tsit. Akwai wasu zanen biyu na Caravaggio a majami'ar Santa Maria del Popolo. A tuna dai wuraren ibada ne: ba hayaniya, kuma da yawa sukan rufe da tsakar rana.

Dandalin Navona kansa gidan tarihi ne marar rufi. Tsawonsa ya bi siffar filin tseren da Sarki Domitian ya gina a wurin, a tsakiyarsa kuma akwai maɓuɓɓugar Koguna Huɗu ta Bernini, ta 1651. Ka duba mutum-mutumin da ke wakiltar kogin Nilu: kansa a lulluɓe yake da ƙyalle, wai don a lokacin Turawa ba su san mafarinsa ba.

Ruwan sha fa? Zafin bazarar Rum ba wasa ba ne.

Kada ka sayi ruwa. Birnin na da famfunan ƙarfe kusan 2,500 da suke zuba dare da rana, mutanen gari na ce musu nasoni, wato masu dogon hanci, saboda lanƙwasar bututun. An fara kafa su tun shekarun 1870. Ruwan mai sanyi ne, kuma na sha ne. Baƙo yakan durƙusa yana tarbe da tafi yana jiƙa takalmi, ɗan gari kuwa sai ya toshe bakin bututun da yatsa, ruwan ya yi tsalle ta wata 'yar huda da ke sama, ya kai baki ya sha a tsaye. Ka riƙe gora, ka yi ta cikawa.

Musulmi zai samu inda zai yi sallah?

Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana cikin mafiya girma a Turai. Sarki Faisal na Saudiyya ne kan gaba wajen ɗaukar nauyinsa, Paolo Portoghesi na cikin waɗanda suka zana shi, ginshiƙansa sun rarrabu a sama kamar rassan itatuwa. Yana arewacin gari, can gefen unguwar Parioli, don haka sai an hau ƙaramin jirgin ƙasa daga Piazzale Flaminio.

Me ke mayar da yawon kyauta asara?

Zama a kan matakalar Spagna, shahararriyar matakalar dutse da ke dandalin Piazza di Spagna. Tun 2019 aka hana, tara kuma tana kai yuro 250, ɗan sanda na nan da usur. Tsoma ƙafa cikin maɓuɓɓuga ma tara ce. Sai 'yan sane, musamman a bas mai lamba 64 da ke zirga-zirga tsakanin tashar Termini da Vatikan. Sai mai ɗaura maka zare a hannu yana murmushi, yana cewa kyauta ce. Da ya ɗaure zai nemi kuɗi. Kofi ma farashi biyu gare shi: na tsaye a kanta daban, na zaune a tebur daban.

In yini ɗaya kawai gare ni, ina zan hau in ga gari duka?

Tudun Gianicolo, bayan unguwar Trastevere. Kullum ƙarfe 12 na rana sojoji ke harba igwa a wurin, al'adar da Paparoma Pius na 9 ya faro a 1847 don ƙararrawar majami'u ta daina saɓani. Yara kan toshe kunne tun saura minti biyar. Da la'asar sai ka gangara, ka haye kogin Tiber, ka hau tudun Aventino. A can akwai wata koriyar ƙofa a rufe, ta 'yan ƙungiyar Malta, wata tsohuwar ƙungiyar Katolika, mutane sun yi layi suna leƙa hudar makulli. In naka ya zo, ka kanne ido ɗaya: ƙubbar St Peter ce can nesa, daidai tsakiyar wata hanya da shuke-shuke suka yi wa rumfa.