Mece ce ƙungiyar ƙwadago, kuma wa take yi wa aiki?

Da zarar an ji a labarai cewa 'yan ƙwadago sun ba da wa'adi, sai jama'a su rabu gida biyu. Mai jiran ƙarin albashi ya ce Allah ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, mai majinyaci a asibiti kuwa ya ja tsaki. Kowannensu da hujjarsa, don abin da ke faranta wa na farko rai shi ne dai ke tayar wa na biyu hankali.

Asalin ma'anar ƙwadago ita ce aikin lada. Ɗan ƙwadago ba shi da kaso a gona, ba shi da jari a ginin da yake wa aiki, ƙarfinsa kawai ya zo da shi: a yi jinga, ya gama, a sallame shi. Da tafiya ta yi nisa sai kalmar ta buɗe, har ta haɗiye likita da malamin jami'a da matuƙin jirgin sama. Abin da ya tara su a inuwa ɗaya shi ne wurin aikin ba nasu ba ne, wani ke biyansu, kuma wanin nan yana iya cewa gobe kada su zo. To ƙungiyar ƙwadago ita ce haɗin kan irin waɗannan mutane. Suna zuba kuɗin ƙungiya wata-wata, su zaɓi shugabanni, su wakilta su su yi ciniki da mai wurin a kan albashi, awannin aiki, hutu, fansho, kariya daga haɗari da ƙa'idar kora.

A ɗauki masaƙa mai ma'aikata 500. Mutum ɗaya ya yi ta maza ya shiga ofishin manaja, ya ce ranka ya daɗe albashin nan ba ya kai ni ƙarshen wata. Manaja ba sai ya ɗaga murya ba. Labulen taga kawai zai yaye ya nuna masa masu neman aiki da suka yi layi a bakin ƙofa, magana ta ƙare. Amma ranar da mutum 500 ɗin suka kashe injina a lokaci guda suka fito tsakar fili, manajan ne da kansa zai aika a kira wakilansu, har ya sa a kawo kujeru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk wani alheri da ƙungiyar ƙwadago ta taɓa kawowa daga wannan ikon tsayar da aiki ya fito, haka ma duk wata ɓarna da ta taɓa yi.

Wanda ya fara cewa "yajin aiki" ya iya zaɓen kalma. Yaji ba saki ba ne. Mai yaji ta bar ɗaki ne don a san ranta ya ɓaci, tana kuma sauraron biko. Haka ma'aikacin da ya ajiye kayan aiki: ba barin wurin yake so ya yi ba, so yake a biyo sawu a daidaita ya koma. Shi ya sa ake bin abin daki-daki, a ba da wa'adi, a yi na gargaɗi na 'yan kwanaki, in an yi kunnen uwar shegu da su sannan a shiga na sai-baba-ta-gani.

Wannan 'yanci da yau ake gani kamar da shi aka halicci duniya, a da laifi ne. Lokacin da masana'antu suka fara bunƙasa a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, mutane na aikin awa 12 zuwa 14 a rana, har da ƙananan yara. Faransa ta haramta haɗin kan ma'aikata a 1791, majalisar Birtaniya ta bi sahu da dokokin 1799 da 1800. An soke na Birtaniya a 1824, amma hukuma ba ta rasa wata igiyar ba. A 1833, a ƙauyen Tolpuddle, wasu 'yan ƙwadagon gona shida suka kafa ƙungiya bayan an zaftare musu lada daga sule 9 a mako zuwa 7, ana kuma shirin mai da shi 6. Da yake kafa ƙungiya ya daina zama laifi, sai aka tono wata tsohuwar doka da ta hana rantsuwar asiri, a 1834 aka yanke musu shekara 7 a Ostareliya. Ƙasa ta ɗauki zafi, mutum wajen 800,000 suka sa hannu a takardar koke, a 1836 aka yi musu afuwa. Sai a 1871 Birtaniya ta ba ƙungiyoyin cikakken matsayi a doka, Faransa kuma sai a 1884.

Ranar ma'aikata ma da jini aka same ta. A ranar 1 ga Mayun 1886 ma'aikata a biranen Amurka suka tsunduma yajin aiki suna neman a tsaida aiki a awa 8. Kwana uku bayan haka, a wani gangami a dandalin Haymarket na birnin Shikago, wani ya jefa wa 'yan sanda bom, aka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. An rataye mutum huɗu a 1887 ba tare da an tabbatar cewa ɗayansu ne ya jefa bom ɗin ba. Taron 'yan gurguzu da 'yan ƙwadago da aka yi a Faris a 1889 shi ya keɓe 1 ga Mayu. Abin dariya, ita Amurkar da abin ya faru a cikinta a watan Satumba take nata bikin. A 1919 aka kafa Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda gwamnatoci da masu ɗaukar ma'aikata da wakilan ma'aikata ke zama tare a zaurenta, kuma yarjejeniyarta ta farko a kan awa 8 a rana da 48 a mako ce.

A ganina, mafi girman amfanin ƙungiya ba ƙarin albashi ba ne, duk da cewa a Amurka an sha auna cewa ɗan ƙungiya kan fi takwaransa da ba ya ciki samu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Babban amfanin shi ne ma'aikaci ya iya cewa wurin nan akwai haɗari ba tare da ya rasa abincinsa ba. A ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a kamfanin ɗinki na Triangle a birnin New York. Masu kamfanin sun saba kulle ƙofofi don kada ma'aikata su saci fita ko su ɗauki kaya. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, wasu ta taga suka riƙa faɗowa daga saman bene. Bayan shekara 102, a Afrilun 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash ya kashe sama da mutum 1,100. An ga tsagewa a bango tun ana gobe abin zai faru, amma aka umarci maɗinka su koma bakin keke. Da yawa a cikinsu sun san da tsagewar. Abin da suka rasa shi ne bakin da zai ce ba za mu shiga ba, a kuma saurare shi.

Ƙungiyoyin sun kuma zama makarantar siyasa. Ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc da Lech Walesa ya jagoranta daga 1980 ta girgiza mulkin gurguzu a Folan, shi kuma ya zama shugaban ƙasa a 1990. Lula na Burazil, Chiluba na Zambiya da Ramaphosa na Afirka ta Kudu duk ta ƙofar ƙwadago suka shigo har suka zama shugabannin ƙasa.

Sai dai wuƙar kaifi biyu gare ta. Yajin aiki a masaƙa aljihun mai masaƙa yake taɓawa. Yajin aiki a asibiti ko makarantar gwamnati kuwa talakan da ba a yi rigimar da shi ba yake kayarwa, don masu yanke shawara da wuya su bi layin wannan asibitin. Birtaniya ta ɗanɗana haka a hunturun 1978 zuwa 1979: shara ta yi tudu a tsakiyar Landan, a Liverpool har masu haƙa kabari suka ajiye shebur. Jama'a suka gaji, suka zaɓi Margaret Thatcher a Mayun 1979, ita kuma ta bi ƙungiyoyin da dokoki, ta karya lagon masu haƙar kwal a yajin aikin 1984 zuwa 1985.

Akwai kuma matsalar 'yan mowa da 'yan bora. Ƙungiya mambobinta take karewa, ba duk mai neman abinci ba. In albashi ya haura abin da kamfani zai iya ɗauka, ko kora ta zama abu mai wuyar gaske, sai mai kamfani ya daina ɗaukar sababbi, ko ya koma ɗaukar na wucin gadi, ko ya kwashe injinansa zuwa wata ƙasa. Na ciki ya tsira, matashin da ke bakin ƙofa ya ci gaba da tsayuwa a rana. Wani lokacin ma ƙungiya kan tsaya wa malalaci kamar yadda take tsaya wa mai ƙwazo. Tarihi na da misalin da ya fi wannan muni: a 1922 Turawa masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu sun yi bore ne don kada a ba baƙar fata irin ayyukansu.

Shugabanci ma kan lalace. Inda kuɗin ƙungiya da asusun fansho suka taru, ƙuda ba ya rasa zuwa, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Jimmy Hoffa, shugaban ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Amurka, ya shiga kurkuku a 1967 kan zamba da yunƙurin sayen masu taya alƙali yanke hukunci, ya kuma ɓace a 1975.

Ba ko'ina ake kai ruwa rana ba. A Jamus, dokar 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun majalisar sa ido a kamfanonin da ke da ma'aikata sama da 2,000, don haka da su ake yanke shawara tun kafin ta zama rigima. A Suwidin da Denmak kusan biyu cikin uku na ma'aikata 'yan ƙungiya ne. A Amurka kuwa adadin ya faɗo daga kusan ɗaya cikin uku a shekarun 1950 zuwa ɗaya cikin goma.

Babban giɓin yana wani wuri dabam. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 2, kimanin kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, ba su da takardar ɗaukar aiki, balle fansho. Su ne 'yan ƙwadago na asali, su ne kuma ƙungiya ta fi wuyar kaiwa gare su, don wanda ba shi da manaja wa zai yi wa yaji? Direban da manhajar waya ke turo wa fasinja ma haka yake, kamfani na ce masa ai kai mai zaman kanka ne. A Indiya, Ela Bhatt ta gwada wata hanya a 1972, ta kafa ƙungiyar SEWA a birnin Ahmedabad don mata masu dako da talla da aikin hannu a gida. Da suka je yin rajista jami'ai suka turje, suka ce ba a ƙungiyar ƙwadago ba tare da mai ɗaukar aiki ba. Matan suka dage har aka yi musu, yau kuma mambobinsu sun haura miliyan 2.