Depistaj ba gano cuta ba ne: batun wayar da ke sauraron minshari

Kwanan nan duk tashar rediyon da ka murɗo a Damagaram, ko guruf ɗin WhatsApp da ka leƙa, sai ka ci karo da maganar nan, wai yanzu waya tana "gano ciwon minshari". Wani mai gabatar da shiri ma cewa ya yi zuwa asibiti ya ƙare, ka ajiye salula kusa da matashi, da safe ta ba ka sakamako. Kalmar da suke juyawa zuwa "gano" ita ce depistaj, wadda muka saba ji a bakin ma'aikatan lafiya tun zamanin gangamin gwajin sida. Kuma ba haka take nufi ba.

Shi kansa ciwon an sa masa sunan da ba nasa ba. Likitoci apne suke ce masa, daga Girkanci, ma'ana rashin numfashi. Mutum yana barci naman maƙogwaro ya saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci bai san an yi ba. Ƙirgawa ake yi: sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, ya haura 30 ya yi tsanani. Masu minshari da yawa ba su da shi. Kuma ba dannau ba ne, wancan da mutum ke farkawa ya kasa motsi, don na ji ana haɗa su.

To depistaj tankaɗe ne. A zuba jama'a a rariya, har da waɗanda ba su zo da ƙorafi ba, a ga wa ya kamata a duba da kyau. Wanda ya tsaya a saman rariya ba a ce yana da ciwo ba, an ce dai a duba shi. Gano cuta aiki ne daban: mutum ya kwana an liƙa masa na'urori a kai, a ƙirji, a hanci da yatsa, ana auna barcin da numfashin da bugun zuciya, ko likita ya ba shi ƙaramar na'ura ya kwana da ita a gida, sannan likitan ya karanta ya yanke.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kamfanonin da kansu ba su yi iƙirarin da masu rediyonmu ke yi musu ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta ba Samsung izinin sa wannan aikin tankaɗe a agogonsa, wanda ke bibiyar barcin dare biyu cikin kwana 10. A Satumban shekarar Apple ya samu nasa izinin, shi kuma yana tara bayanan kwana 30 kafin ya turo sanarwa. Dukansu sun rubuta ƙarara cewa wannan ba ganewar likita ba ce, in sanarwa ta zo ka je a duba ka. Kuma agogo ne da ake ɗaurawa a hannu, ba wayar da ke aljihun kowa ba.

Ita manhajar da ke sauraro ta makirfon waya, labarinta ya fi daɗin ji a bakin masu zuba jari. An yi wani kamfanin Ostareliya, ResApp Health, da ya ɗauko fasaha daga Jami'ar Kwinslan: waya ta saurari tari ko numfashi ta faɗi abin da take zato. Manhajarsa ta barci SleepCheck take. Ƙananan masu hannun jari sun yi masa caa, ana cewa an samu likita a aljihu. A watan Agustan 2017 sakamakon gwajin tarin yara a asibitocin Amurka ya fito ba yadda aka so ba, darajar hannun jarin ta zube da fiye da kashi 70 cikin 100. Cikin dalilan da kamfanin ya bayar har da hayaniyar wuraren da aka naɗi sautin. A 2020 FDA ta ƙi amincewa da manhajarsa ta tari. Duk da haka a 2022 kamfanin magunguna na Pfizer ya zo sayen kamfanin, ya fara taya shi kusan dalar Ostareliya miliyan 100, masu hannun jari suka ce albarka, aka ƙarasa a kusan miliyan 179. Kuma abin da ake ta yayatawa a lokacin shi ne gane korona daga sautin tari, barci na gefe ne.

Me ya sa mai kuɗi ke son rariya haka? Lissafi ne mai sauƙi. Wani nazari da mujallar Lancet ta ɓangaren numfashi ta buga a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 na da wannan ciwo a duniya, kuma akasarinsu ba a taɓa duba su ba. Duk wanda waya ta tsoratar ya je asibiti, mai yiwuwa ya ƙare da sayen injin CPAP, wanda ke hura iska ta abin rufe hanci don hanya ta zauna a buɗe. Shi ya sa masu hannun jari a kamfanoni irin su ResMed, masu ƙera wannan injin, ke kallon agogon nan a matsayin mai kawo ciniki. A wurin mai jari, in rariya ta tare mai lafiya bisa kuskure, asarar ba tasa ba ce. Ni dai ina ganin yawancin ɗokin da ake yi na kasuwa ne, an yafa masa rigar likita, ko da yake ban musa cewa akwai wanda sanarwar za ta yi wa rana ba.

Yanzu kawo ta nan gida. Watan Afrilu ne a Birni ko Zango, ɗaki ba ya kwantuwa, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Maigida nan, ƙaninsa can taku uku, yara a gefe, akuya na tari a turke, janareton maƙwabci na ruri, kafin asuba zakara ya ɗauka. Minsharin wa wayar za ta naɗa? Manhajojin nan so suke a yi shiru, mutum ɗaya a ɗaki, waya a kusa da kai. Hayaniyar da ta ba su matsala a asibitin Amurka ai wasa ce a kan ta tsakar gidanmu. Sannan a ce ma ta yi daidai: sai neman inda za a yi gwajin kwana, sai kuɗin injin, sai wutar da za ta kai shi asuba ba a ɗauke ba. Mai jari a birnin Sidni na Ostareliya bai sa wannan a lissafinsa ba, don ba mu yake sayar wa ba.

Ba ina cewa a raina ciwon ba ne. Yana tafiya da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, kuma direban da ke ɗaukar hanyar Tanut zuwa Agadas yana gyangyaɗi a kan sitiyari ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba. Sai dai alamunsa ba sa bukatar manhaja. Uwargida ta sha ganin minsharin ya yanke ɗif, shiru, sannan mutum ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe. Ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, ya yi ta fita fitsari cikin dare, hantsi na yi barci na ɗibarsa a shago ko a fada ana tsakiyar hira. Mai ƙiba da kaurin wuya ya fi shiga ciki, amma siriri ma bai tsira ba. In an ga waɗannan, a ɗauki maganar matar gida a kai wa likita, a auna hawan jini tun a zuwan farko, ko waya ta ce lafiya lau.